Alkalan tanis na arewacin Kamaru, ga inda muke ɓata gasa da hannunmu

Gasar tanis da ta haɗa 'yan wasan Garwa, Marwa da Ngaundere, ko wadda 'yan Injamena suka tsallako mata ta Kuseri, rigimarta kusan iri ɗaya ce kowace shekara, kuma ba daga rashin gani take tasowa ba. Sabon alkali yakan ga ƙwallo sarai. Abin da bai iya ba shi ne lokacin buɗe baki, da sanin inda ikonsa ya tsaya.

Mafi muni shi ne sauya hukunci bayan ɗan wasa ya yi ƙorafi. Alkalin layi ya ce waje, na kan kujera ya yi gum, ɗan wasa ya ɗaga raket yana rantse-rantse, sai a ji daga sama an ce ai ciki ce. Dokar ITF, hukumar tanis ta duniya, ba ta bar ƙofa a nan ba: alkalin kujera zai soke kiran alkalin layi ne kawai idan kuskuren a fili yake, kuma nan take, kafin wani ya ce uffan. Da zarar ka sauya saboda hayaniya, ko da gaskiyar mai ƙorafin ce, ka koya wa su biyun cewa ihu na biya, kuma haka za ka sha shi har ƙarshen wasa. A wajenmu kunya ce ke jawo wannan. Yaro ɗan shekara ashirin yana kan kujera, mai ƙorafin kuwa sa'an babansa ne ko wani babba a gari, sai ya ji nauyin ce masa a'a. To ɗan'uwa, ka gaishe shi da ladabi kafin wasa, ka sake gaishe shi bayan wasa, amma tsakanin nan amsarka ɗaya ce: "Alhaji, na ga ƙwallon, waje ce, a ci gaba." Ni dai abin da nake ɗora sababbi a kai shi ne kowace ƙwallo da ta kusanci layi su yanke mata hukunci a zuci kafin muryar alkalin layi ta iso. In hukuncinka ya saɓa da nasa kuma kana da tabbas, ka yi magana a numfashin nan. In sai ka tsaya tunani, ba ka da tabbas ke nan, ka bar kiran yadda yake. Layin gefe na can nesa da kujera kuwa, kusan kullum mai tsaye a kansa ya fi ka gani.

Idan ka mai da waje ta koma ciki, a sake buga makin ne, sai dai in bugun ya riga ya wuce abokin karawa ta yadda ba shi da halin mayarwa; nan makin na mai bugun ne.

Duba sawun ƙwallo a filin jan ƙasa kaɗai ake yi, kuma sai in bugun ƙarshe ne ko ɗan wasan ya tsai da wasa da kansa. Wanda ya ci gaba da bugawa har ya faɗi makin sannan ya dawo yana nuna sawu, ya makara. Ka sauko da ƙafarka. In ka ruɗe da wane sawu ne, alkalin layi ya nuna maka, amma karanta shi aikinka ne. Ɗan wasan da ya goge sawu da takalmi kafin ka yanke, ya sallama. A filin siminti ba a saukowa, ko da ƙurar hunturu ta kwanta har ƙwallo na barin tambari. Maganin wannan tsintsiya ce, a share layuka kafin wasa da tsakanin set, wato zangon wasa.

Sai rashin bambance abin da ido ya gani da abin da doka ta ce. Ciki ko waje, ƙwallo ta dira sau biyu, raket ya taɓa raga, duk wannan maganar alkalin kujera ce ta ƙarshe. Amma in gardamar kan fassarar doka ce, ɗan wasa na da haƙƙin a kira babban alkalin gasa, kuma kiransa ba raini ba ne. Yaranmu sukan juya abin: su hana kira a kan doka don girman kai, su aika a kira shi a kan ƙwallon da bai gani ba.

Yanzu ku manya, na zo kanku, don rabin laifin yaran nan naku ne. Ta yaya za a tara alkalai daga garuruwa uku, a ce tsarin gasa yana cikin saƙon murya na WhatsApp da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu? A fili na ɗaya ana buga set na uku cikakke, a na biyu an yanke shi da taibirek, wato wasan raba gardama, mai maki 10, kowane alkali kuma ya rantse haka aka gaya masa. Wanda aka fitar ya biya kuɗin mota daga Marwa, wa zai ba shi haƙuri? Takarda ɗaya tak ta isa. A rubuta set nawa, me ake yi a set na ƙarshe, ana buga maki ɗaya na yanke hukunci a 40-40 ko kuwa sai an yi rata biyu, yaushe ake sauya ƙwallaye, ɗumama jiki minti 5, wanda bai fito ba minti 15 bayan kiran wasansa ya fita. A saka lokacin da za a tsaya don azahar da Juma'a, da abin da za a yi idan rana ta take, don a Maris da Afrilu zafin Garwa na haura digiri 40, kuma ba a tsakiyar set ake fara shawarar hutu ba. A manna ta a teburin gasa, a ɗauki hotonta a tura wa kowa, jadawalin gobe ya fita tun daren yau. Kowace safiya a tsaya minti 15 kafin wasan farko, a karanta takardar da Faransanci, a bayyana ta da Hausa ko Fillanci, a sa mutum biyu su maimaita. Kada ku yarda da gyaɗa kai. A cikin fili kuwa harshe ɗaya ake kiran maki da shi daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, makin mai sabis, wato mai fara buga ƙwallo, a gaba.

Horon ma haka. Kwas na kwana biyu da takardar shaida ba ya mai da mutum alkali. Ya fara da layi, ya koma zagaya filayen da ba su da alkali, sannan ya hau kujera a wasan yara, wani gogagge na zaune a baya da biro. Gyara sai bayan wasa, a keɓe, ba a gaban 'yan wasa ba. Kowa ya riƙe littafin wasannin da ya yi alkalanci, da kwanan wata da sa hannun babban alkali, don shi zai nuna wa hukumar tanis ta ƙasa ranar da zai nemi a tura shi makarantar ITF ta farin baji, lambar matakin alkalanci, wanda daga shi sai na tagulla, azurfa da zinariya. Littafin doka kuma duk shekara ake sabunta shi. Har yau akwai masu ba da daƙiƙa 20 tsakanin maki, alhali 25 ne.

Sauran ƙanana ne, amma suna tona asiri. Raga santimita 91.4 ce a tsakiya, mita 1.07 a turaku. A auna da awo kafin kowane wasa, ba da raket ba. In wasan mutum ɗaya-ɗaya ne a ragar bibbiyu, sandunan tallafi na tsayawa santimita 91.4 a wajen layin gefe na wasan ɗaya-ɗaya. Sauya gefe daƙiƙa 90, ƙarshen set 120, ba a zama bayan gem na farko na kowane set (gem shi ne ƙaramin zagaye a cikin set) ko a cikin taibirek. A taibirek ana sauya gefe duk maki shida, kuma wanda ya fara sabis a cikinsa shi ke karɓa a farkon set na gaba. Ba a sauya ƙwallaye a bakin taibirek, sai a gem na biyu na sabon set. Alkalin layi kada ya kira waje ƙwallo na sama, kuma murya ke riga hannu. Ɗaurewar jijiya ba ta ba ɗan wasa hutun jinya na minti 3.

Idan an rikice a kan maki a filin da ba alkali, kada ka zaɓi wanda fuskarsa ta fi kama da ta mai gaskiya. Bi makin ɗaya bayan ɗaya tare da su. Wannan ya ce 40-30, wancan ya ce 30-40, kuka tarar cikin maki biyar da aka buga, ɗaya kaɗai suka saɓa a kai, to huɗun da suka yarda da su sun zauna, a ci gaba daga 30-30.