Yadda za ka tattala guzurinka a tafiyar Umara

Abin da ke cinye guzurin masu Umara yawanci tsaraba ce. Mutum zai sauka Madina da dalolinsa, ya faɗa shagunan da ke gefen Harami, kafin ya isa Makka ya koma lissafin kuɗin shayi.

Tun kana gida, ka tambayi kamfanin da ya shirya maka tafiya abin da kuɗinka ya ƙunsa. Masauki kaɗai ne, ko har da abinci da motar Jidda? Duk abin da bai shiga ba, guzurinka ne zai ɗauka.

Sai canji. In ka je Wapa a Kano, ka nemi sababbin takardun dala 100, masu shuɗin zare, don 'yan canji kan karya farashin tsofaffi. Lissafin can ba wuya: tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 ce, wato dala 100 za ta ba ka kusan riyal 375. A filin jirgi ka canza kaɗan kawai, na layin waya da ruwa, sauran a cikin gari. Kuɗin da ya haura dala 10,000 kuwa dole a bayyana wa kwastam na Najeriya.

Daga nan ka raba kuɗin gida uku. Kashi na farko na ci da sha da mota ne. Ka raba shi da yawan kwanakinka, kullum ka ɗauki na ranar kaɗai. Na biyu na ko-ta-kwana, ya zauna a ƙasan jaka, kada ya bi ka ɗawafi. Na uku shi ne na tsaraba.

Nan ake shan wuya. Ka rubuta sunayen waɗanda za ka saya wa, da abin da kowa zai samu: dabino ga maƙwabta, jallabiya ga Baba, carbi da turare ga abokai. Wanda ya ba da sautu ba tare da kuɗi ba, a yi masa addu'a a Harami, ta ishe shi. Ka bar sayayyar sai kwana biyun ƙarshe, bayan ka zagaya ka san farashi, kuma ka yi ciniki.

Kafin ka ɗaure kaya ka auna su a masauki, don kuɗin kilon da ya ƙaru kan fi na dardumar da ta jawo shi.