Yadda ake tugar ciyawar ruwa da kayan nutso ba tare da an rasa rai ba

A tafkunan Amurka, da zarar lokacin zafi ya kama, masu gidaje a bakin ruwa kan ɗauki kamfanoni su raba su da ciyawar da ta cike musu gaɓa. Kamfani ya ɗora wa ma'aikaci tukunyar iska a baya, ya nutsa ya riƙa tugo ciyawar da hannu har saiwarta yana cusawa a buhu. Ruwan galibi 'yan mitoci ne, aikin kuma kamar noma, shi ya sa ake raina shi. Amma dokar ƙasar ba ta raina shi ba. Muddin ana biyan mutum ya shiga ƙarƙashin ruwa yana shaƙar iskar tukunya, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta OSHA na ɗaukarsa a matsayin mai nutson kasuwanci, kuma sashen T na ƙa'ida mai lamba 29 CFR 1910, wanda ke aiki tun 1977, ya hau kansa ko da zurfin mita 2 ne. Jihar Minesota ta ƙara tata dokar a 2025, bayan samari biyu sun rasu a bakin wannan aiki, ɗaya a 2022 ɗaya a 2024. Dokar ta wajabta takardar shaidar horon nutso, da kayan da dole mai kamfani ya samar, da horon agajin gaggawa.

Ga yadda ake tsara aikin bisa waɗannan ƙa'idoji, da dalilin kowace.

Fara da ƙirga mutane

Kafin ka duba kaya, ƙirga mutanenka. Idan mutum ɗaya ne zai shiga ruwa, mafi ƙarancin ayari mutum uku ne: mai nutson da aka ɗaura wa igiya, da shugaban aiki wanda zai iya riƙe igiyar, da mai jiran ko-ta-kwana. Idan babu igiya, to dole mutum biyu su shiga tare, kowa na ganin ɗan'uwansa ba yankewa, ayarin ya koma huɗu ke nan.

A aikin ciyawa, zaɓi igiya. Da zarar an tugo saiwa, laka ke tashi, cikin 'yan mintuna ruwa ya gurɓace har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Mutum biyu da ke tsakanin mita 3 da juna a irin wannan ruwa kowa shi kaɗai yake, kuma sharaɗin ganin juna ya riga ya karye ko da a takarda an rubuta su biyu ne.

Mai jiran ko-ta-kwana ba ɗan ɗaukar buhu ba ne, ba kuma direban jirgi ba ne. Zama zai yi a bakin ruwa sanye da rigarsa, tukunyarsa a haɗe an gwada ta, gilashin fuska da takalman iyo a kusa da hannu. A nan ne ƙananan kamfanoni suka fi yin ha'inci, domin ganin mutum a zaune ana biyansa yana ci wa mai kuɗi rai. Amma ƙwaƙwalwar da ta rasa iska tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Wanda sai ya ajiye buhu ya nemo tukunya ya ɗaura, gawa zai je ɗaukowa.

Kowane ɗan ayari, har da wanda ba ya taɓa ruwa, dole ya sami horon agajin farko da na danna ƙirji don farfaɗo da zuciya da numfashi. Takardar nutson shaƙatawa kuwa mafari ce kawai. Ba ta koya wa mutum aiki cikin duhun laka, ko kwance kansa daga ciyawa, ko magana da igiya ba. Ƙa'ida ta ɗora wa mai kamfani nauyin tabbatar da cewa kowa ya ƙware a ainihin aikin da aka ba shi, ya kuma tanadi rubutaccen littafin tsarin aiki da zai kasance a wurin nutso, ba a ofis ba.

Kayan da ba a shiga ruwa sai da su

Tukunyar da aka fi amfani da ita ta alminiyam ce, lita 11, ana cika ta zuwa kusan ba 200 ("ba", wato bar, ma'aunin matsin iska ne). Wato iska lita 2,200 ke nan. Ka ware ba 50 da ba za a taɓa ba, saura lita 1,650. A ce mai aikin ƙarfi yana shaƙar lita 30 a minti a doron ƙasa. A zurfin mita 5 matsin ya ƙaru da rabi, sai ya koma lita 45 a minti. Tukunyar za ta kai shi kusan minti 36. Yi wannan lissafi kafin a shiga, mai igiya ya riƙe agogo, domin cikin laka mai nutso ba zai iya karanta gejinsa mai nuna sauran iskar tukunya ba sai ya manna shi a gilashin fuska, wani lokaci ma duk da haka ba zai gani ba.

Bayan wannan sai iskar ajiya da mai nutso ke ɗauke da ita a jikinsa. Ƙa'idar OSHA ta yarda da ɗayan biyu: bawul mai riƙe wani kaso na iska sai an ja shi da hannu, ko ƙaramar tukunya ta daban. Mu dai ta biyun muke ba da shawara, mai regileta tata, wato na'urar da ke rage matsin iskar tukunya ta kai ta baki, domin ciyawa na iya jan sandar bawul ɗin ta buɗe ajiyar ba tare da mutum ya sani ba. Ƙarin bakin shaƙa da ke jone da babbar tukunya ba ajiya ba ne: in tukunyar ta ƙare, shi ma ya ƙare. Duk lokacin da mai nutso ya koma kan iskar ajiya, nutson ya ƙare nan take.

Dole ne a sa rigar da ake hurawa, wadda za ta iya riƙe mutum a saman ruwa fuskarsa na kallon sama, mai hanyar hurawa da ba ta dogara da iskar shaƙa ba, da bututun hurawa da baki, da bawul na sakin iska.

Ɗamarar dalma ita ce abin da ya fi buƙatar lura. Masu tugar ciyawa na son ƙara nauyi don su zauna daram a ƙasa su ji daɗin ja, wannan kuwa shi ke hana mutum tasowa ran da abu ya ɓaci. Gwada nauyin a ruwa: da rigar da babu iska a ciki da numfashi na daidai, ruwa ya tsaya wa mutum daidai ido. A ɗaura ɗamarar a ƙarshe, a saman komai, yadda hannu ɗaya zai ɓalle ta ta faɗi. Idan ta shige ƙarƙashin maɗaurin tukunya ko igiya, ko an ɓalle ta ba za ta faɗi ba. Shugaban aiki ya sa hannunsa ya taɓa maɓallin kowane mai nutso kafin ya shiga.

Abin yanka guda biyu: wuƙa da almakashi, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, inda kowane hannu zai kai. Kar a ɗaura a ƙwauri, don ƙafa ce ciyawa ke fara kamawa. Almakashi ya fi wuƙa cin zaren fatsa da ragar da masunta suka bari, waɗanda kan ɓuya cikin ciyawa. Duk bututun da ke reto a maƙale shi a jiki.

Ita kanta iskar sai an kula da ita. Bakin zuƙar kwamfaresan da ke cika tukunya ya yi nesa da hayaƙin inji ko janareto, a kuma lura da inda iska ke kaɗawa. Ana gwada tsabtar iskar kwamfaresa duk wata 6: kabon monoksaid kar ya wuce kashi 20 cikin miliyan, kabon dayoksaid kar ya wuce 1,000 cikin miliyan, tururin mai kar ya wuce miligiram 5 a kowace mita kubik. Kabon monoksaid ba shi da wari, ciwon kai da jiri na cikin alamominsa. Tukunya kuma ana leƙa cikinta duk shekara, a yi mata gwajin matsi duk shekara 5.

Duba wurin

Ka zagaya wurin da ido kafin kowa ya jiƙa ƙafa. Tambayi mai gida ko an zuba maganin kashe ciyawa kwanan nan. Idan gadar katakon bakin ruwa na da wutar lantarki, a kashe ta daga tushe, domin wutar da ke yoyo cikin ruwan daɗi tana sandarar da jijiyoyin mutum ya nutse ba tare da ya iya ihu ba. A kashe injin jirgi, makulli a aljihun shugaban aiki, kar farfela ta juya muddin akwai mutum a ruwa. A kafa tutar gargaɗi. Idan daga gaɓa ake nutso a inda jirage ke bi, ƙa'ida ta ce allon tutar "A" ta ƙasa da ƙasa, mai fari da shuɗi, tsayinsa aƙalla mita 1.

Kusa da madatsar ruwa, ko kwalbati, ko bakin bututun famfo, kar a shiga sai an rufe an sa kwaɗo. Bambancin matsin ruwa a irin waɗannan wurare yana manne mutum a bakin rami da ƙarfin da mutum goma ba za su ɓamɓare shi ba, ciyawar da ta toshe bakin kuma ita ke ɓoye ja ɗin har sai an cire ta. Wannan gargaɗi ya shafi duk wanda za a tura share bakin bututu a madatsu irin su Tiga ko Challawa, tare da ƙarin haɗarin da tafkunan Minesota ba su da shi: dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya a jikin ciyawar ruwa yake zama, don haka sai rigar da ta rufe jiki duka.

A rubuta lambobin waya a manna a wurin: asibiti mafi kusa, likita, motar ɗaukar majinyaci, da ɗakin matsin iska da ke aiki, inda ake jinyar wanda saurin tasowa ya yi wa illa. A tanadi akwatin agajin farko da jakar hura numfashi ta hannu, zai fi kyau a haɗa da tukunyar oksijin. A gwada yadda za a fito da wanda ya suma daga ruwa zuwa jirgi. Mutum jiƙaƙƙe da kaya ba ya ɗaguwa ta gefen jirgi da hannu biyu, gara a gano haka da safe.

Cikin ruwa

Fara daga bakin ciyawa ta ɓangaren fili, ka riƙa cin ta kana gaba, bayanka kullum a share. Kar ka kutsa tsakiyarta. Mai igiya ya riƙe ta ba sako-sako ba, yadda zai ji motsin mutum, idonsa a kan kumfar numfashi. Ku daidaita alamomi tun a sama. A tsarin sojan ruwan Amurka, ja ɗaya daga sama tambaya ce ko lafiya, ja ɗaya daga ƙasa amsa ce cewa lafiya lau. Ja huɗu na nufin a fito. Biyu-biyu sau uku na nufin na maƙale, a turo mini mutum. Idan aka ja aka ji shiru, aka sake ja aka ji shiru, mai jiran ko-ta-kwana ya bi igiyar ya sauka. Kar a fizgi wanda ya maƙale da ƙarfi, hakan na ƙara ɗaure shi, yana iya fizge masa regileta daga baki.

Ciyawa irin milfoyil tana yaɗuwa daga ɗan guntun da ya karye, saboda haka a zura yatsu cikin laka a ɗago saiwar a hankali, a naɗe tsiron a hannu, a cusa a buhun raga. Wannan na rage tashin laka ma. Buhun kuwa kar a taɓa ɗaure shi a jiki. A ba shi tasa igiyar da abin da zai sa ya yi iyo, na sama su ja. Wanda ya hura rigarsa don ya ɗago buhu mai nauyi, in buhun ya suɓuce, harbawa sama zai yi ba birki. Inda ake amfani da bututun zuƙa mai kai ciyawa kan jirgi, a sa mutum kusa da makunnin famfo, mai nutso kuma ya nisanta hannu da bututan iskarsa daga bakin.

Idan ciyawa ta kama ka, tsaya cak. Juyi shi ke naɗe ta a wuyan tukunya inda hannu ba ya kai. Yi numfashi, ba da alama, ja da baya ta hanyar da ka shigo, sannan ka yanke abin da ya rage, kana lalubawa da hannu kafin kowane yanka don kar ka datse igiyarka.

Haɗarin da ba a faɗa wa sababbi shi ne na tasowa. Daga mita 10 zuwa sama iskar da ke cikin huhu ninkuwa take yi biyu, kuma canjin ya fi tsanani a mitocin ƙarshe. Wanda ya cika huhu da iskar tukunya ya riƙe numfashi ya taso, ko daga zurfin da bai kai mita 2 ba, huhunsa na iya yagewa kumfa ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Kar a riƙe numfashi ko daƙiƙa ɗaya, kar kuma a wuce mita 9 a minti. Yawan hawa da sauka don miƙa buhu yana wahalar da kunne, wani dalilin ke nan na ba buhu igiyarsa. Mai mura ko toshewar hanci ya zauna a sama ranar.

Sauran iyakokin a taƙaice: ba a wuce ƙafa 130, kusan mita 40, da irin wannan kaya; ba a wuce ƙafa 100, kusan mita 30, sai da ɗakin matsin iska a shirye; ba a shiga ruwan da gudunsa ya wuce kusan rabin mita a daƙiƙa, ko matsattsen wuri, sai da igiya. Sanyi ma a sa masa ido, don ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Wanda ya fara karkarwa ko yatsunsa suka ƙi kama maɓalli ya fito. Kuma duk lokacin da mai nutso ya ce a fito da shi, a fito da shi ba gardama, ko saura buhu ɗaya a gama.

Bayan an fito

Shugaban aiki ya dubi kowa, ya tambaye shi yadda yake ji. Ciwon ƙirji, tari da jini, jiri, mutuwar wani sashe na jiki, ciwon gaɓoɓi ko rikicewar magana, duk alamun gaggawa ne: a kwantar da shi, a sa masa oksijin, a kira asibiti a faɗa musu cewa daga nutso ya fito. A gargaɗi kowa kan hawa jirgin sama jim kaɗan bayan nutso.

A rubuta kowane nutso: sunayen ayari, rana, wuri, zurfi, tsawon lokaci, yanayin ruwa. Ana ajiye takardar shekara 1, ko shekara 5 idan an sami ciwon da saurin tasowa ke jawowa. Idan aka kwantar da ma'aikaci a asibiti, a sanar da OSHA cikin awa 24, idan rasuwa ce cikin awa 8. Kafin a koma wani tafki kuma a wanke riga da buhuna da jirgi a shanya su bushe, don kar guntun ciyawar da aka cire a nan ya je ya tsiro a can.