Yadda ake duba yaro da manhajar waya a asibitin ƙauye

Manhajojin tattara bayanan lafiya irin su CommCare da DHIS2 Capture suna aiki ko babu intanet: suna ajiye bayanan a cikin wayar har sai an sami sabis. Kafin a fara duba marasa lafiya, a cika caji, a kuma gyara kwanan wata da agogon wayar, domin da su manhajar ke lissafa shekarun yaro.

Wajen rajista, a binciki sunan yaron a cikin manhajar tukuna kafin a buɗe sabon fayil. Sunaye na maimaituwa a ƙauye, don haka a haɗa da sunan uwa da unguwa.

Ƙirga numfashi ne ke buƙatar natsuwa. A bar yaron a cinyar uwarsa, a ɗaga rigarsa, a jira ya daina kuka, sannan a ƙirga na minti ɗaya cif. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5. Lambar da aka shigar kawai manhajar ta sani, ba ta ganin ƙirjin da ke lotsawa ciki. Yaron da ke jijjiga ko ya kasa shan nono, a tura shi babban asibiti nan take.

Da yamma a je inda sabis yake a aika bayanan, a tabbatar babu fom ɗin da ya maƙale. Kada a goge manhajar kafin nan, domin duk abin da ba a aika ba zai tafi da ita.