Babi na 6: Kunna fitilar zamani da hannu a ɗakin tsofaffi

Barkanmu da sake haɗuwa, ƴan'uwa. Wannan babi daga kokenku ya fito. Yaro ya tafi nema Agadas ko Libiya, ya zo ganin gida da ampul irin na zamani wanda ake kunnawa da salula, ya ɗaura a ɗakin Inna, ya nuna mata sau ɗaya, ya koma. Kwana uku a tsakani, ga Inna tana laluben buta cikin duhu da asuba. Ba laifinta ba ne. Hannun da ya saba da aci-balbal da tocila ba zai iya shafa fuskar salula a dare ɗaya ba. Aikinmu a nan shi ne mu mayar mata da fitilarta hannunta.

Darasi na 1: Ku san ampul ɗin

Ku ɗauki ampul ɗin, ku ɗora a tafin hannu. Gindinsa ya fi na ampul ɗin da muka saba nauyi kaɗan. A cikin gindin nan akwai wata ƴar na'ura mai sauraro, mu ce mata kunne. Da wannan kunne yake jin umarnin rimot ko na salula. Kunnen nan da wutar lantarki yake aiki, wato kuran. In babu kuran, babu ji.

Yanzu ku juya kwalin. Za ku ga lambobi, kada su ba ku tsoro. 220V ƙarfin wutar gidajenmu ne a nan Nijar. 9W yawan wutar da yake ci ne, kuma haskensa ya kai na tsohon ampul mai 60W, wanda yake ƙona yatsa. Sai E27 ko B22, wannan irin gindin ne. E27 murɗa shi ake yi kamar murfin kwalba. B22 yana da ƴan ƙusoshi biyu a gefe, a tura shi a juya kaɗan. In za ku Kasuwar Dole sayen wani, ku tafi da tsohon a aljihu ku nuna wa mai shago. Ya fi dogon bayani.

Darasi na 2: Makunnin bango

Ku gyara zama, nan ne kowa yake tuntuɓe.

Makunnin bango shi ne abin nan da ke kusa da ƙofa, wanda ake dannawa ya ce ƙas. A kunne ake barinsa, dare da rana. Ku maimaita: a kunne ake barinsa.

Na san abin da za ku ce, don an sha faɗa mini: "Malam, to wuta fa? Ba za ta ƙare ba?" Tambaya ce mai kyau. In kun kashe fitila da rimot, hasken ya tafi, kunnen kaɗai ya rage yana jira, kuma abin da yake ci ɗan mitsitsi ne. Kamar mai gadi ne da yake zaune cikin duhu, idonsa biyu, ana kiransa zai amsa. In kuwa kun kashe daga bango, kun sallami mai gadin ya tafi gida. Ku yi ta danna rimot har yatsa ya gaji, babu mai amsawa.

Wata ɗalibarmu daga Birni ta zo mini da ampul a ɗaure a bakin zane, ta ce ya lalace, kwana biyu surukarta tana kwana da tocila. Muka ɗaura shi a aji, ya kama nan take. Ashe tsohuwar ce, duk dare in ta idar da sallar isha'i sai ta miƙa hannu bango ta kashe, kamar yadda ta saba tun ranar da aka jawo musu wuta. Da asuba ta danna rimot, shiru. Lafiyar ampul lau. Makunnin bango ne a kashe.

Ga abin yi. Ku je bango ku danna makunni har fitila ta kama. Ta kama? To ku yanko salatif mai faɗi, ku manne makunnin a yadda yake, tsiri biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Sai ku kamo hannun tsohuwa ku ɗora a kai, ta ji da yatsunta. Ku ce, "Inna, wannan an rufe shi, ba a taɓawa. Ga naki nan." Ku sa mata rimot a hannu. Gobe ku sake faɗa mata, jibi ma haka. Kada ku ƙosa, ku ma ba rana ɗaya kuka riƙe baƙaƙe ba.

Akwai wani dalili kuma, ya fi na farko ciwo. Da yawa cikin ampul masu aiki da wifi, irin waɗanda ake haɗawa da manhajar Smart Life, in aka kashe aka kunna daga bango sau uku a jere da sauri, sai su manta gidan da suke. Za ku ga fitila tana ƙiftawa kamar ido ya sha hayaƙi. Ta goge abin da aka koya mata ke nan, sai an nemo mai salula ya sake haɗawa. Wa ke yin ƙas, ƙas, ƙas a bango? Mutumin da ya danna bai ga haske nan take ba, ransa ya ɓaci. Da jikoki masu wasa.

To me muka ce? Makunnin bango a kunne, a manne. Rimot kuwa, danna ɗaya, a jira.

Makon jiya na bi gida huɗu na ƴan ajin nan. Uku na tarar da makunni tsirara, babu salatif. Haba jama'a! Salatif nawa yake? Mutum ya zauna a aji yana gyaɗa kai, ya koma gida ya bar mahaifiyarsa tana karo da turmi cikin duhu. Tsoho in ya faɗi, ƙashinsa ba ya haɗuwa da wuri kamar na yaro, kun sani. Duk wanda bai manne ba, ya rufe littafin nan ya je ya manne, sa'annan ya dawo mu ci gaba.

Lokaci ɗaya ne ake ɓare salatif a kashe daga bango: ranar da za a cire ampul ko a ɗaura wani. An gama, a kunna, a sake mannewa.

Darasi na 3: Rimot

Ƙaramin rimot ɗin da yake zuwa cikin kwalin ampul mai launuka yakan zo da maɓalli 24. Biyu kawai tsohuwa take bukata.

In sabo ne, ku duba ƙasansa, akwai ƴar leda da ta leƙo kamar harshe. Ku zare ta. In ba ku zare ba, ba zai yi aiki ba.

Ku nemo ON. Baƙi biyu ne, O da N. Shi ne kunna. Ku nemo OFF. Baƙi uku ne, O da F da F. Shi ne kashe. Gajeren ya kawo haske, dogon ya ɗauke. Kada ku dogara da launin maɓalli, kowane kamfani da nasa. Ku ƙirga baƙaƙen. Ku rubuta su sau biyar biyar a littafinku.

Inna ba za ta karanta cikin duhu ba, don haka ku manna ƙwayar gero a kan ON da ɗan guntun salatif, yatsa ya riƙa jin tudu. Sauran maɓallan, ban da OFF, ku rufe su da ɗan kwali.

Irin wannan rimot sai an nuna kansa wajen ampul, kamar na talabijin. Labule ko bargo yana tare shi. A nuna, a danna sau ɗaya, a ƙirga ɗaya, biyu, uku. Bai kama ba? Kafin ku zargi rimot, ku waiwaya bango. Makunni a kunne yake? Yawanci amsar tana can.

Ku ɗaura masa zare, ku rataye a ƙusa daidai kan gado, inda hannu zai kai daga kwance.

Darasi na 4: Pil

Batirin rimot, wato pil, zagayayye ne kamar kwabo. Ku karanta lambar da ke jikinsa, sau da yawa CR2025 ce, ku sayo mai irin lambar. Ku lura da yadda tsohon yake kwance, da gefen da alamar + take kallo, ku sa sabon haka. Tsohon a jefar da shi nesa da yara, haɗiye shi yana kisa.

Darasi na 5: In an ɗauke wuta

Rimot ba ya kawo kuran. A ajiye tocila ƙarƙashin matashi. In wuta ta dawo cikin dare, wasu ampul sukan kama da kansu. A danna OFF a rimot, kada a je bango.

Darasi na 6: Launi

In fitila ta koma ja ko shuɗi, ku ɗaga ɗan kwalin da ya rufe maɓallan rimot ku danna W, za ta dawo fara.

Aikin gida: ku je ku duba salatif.