Yadda Ake Duba Motar Hannu Kafin a Biya Kuɗi

Yawancin masu sayen motar farko suna faɗawa rami ne tun ranar da suka je gani, domin da yamma suke zuwa, bayan dillali ya wanke mota, ya ɗumama injin, ya fesa turare a ciki. Su zagaya ta sau biyu, su danna rediyo, su ji sanyin AC, sai su ba da kafin alƙalami. Bayan mako uku allurar zafi ta fara hawa a cunkoson titi, makanike ya ce sai an sauke kan injin. Bayanin nan ya fi shafar ƙananan motocin fetur da suka cika titunanmu, irin su Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Camry, da Honda Accord, ko ta Kwatano ce ko wadda aka riga aka hau a gida.

Ka fara da raba kuɗinka gida biyu tun kafin ka taka wajen dillalai. Duk abin da ke hannunka, ka ɓoye aƙalla kashi goma cikin ɗari, kada ya shiga ciniki. Da shi za ka yi juye, ka sauya taya, ka yi takardu, ka biya la'ada. Wanda ya zuba kuɗinsa kaf a kan mota, shi ne za ka ga ya jingine ta a ƙofar gida saboda batir.

Sannan ka nemi makanikenka, naka na kanka, ka biya shi kuɗin yininsa. Makaniken da dillali ya kira maka, dillali yake yi wa aiki. Ka sa lokaci da sassafe, kuma ka gindaya sharaɗi cewa kada kowa ya tayar da motar kafin ka iso. Da isarka ka buɗe bonet ka ɗora bayan hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi, ka ce za ka dawo gobe. Injin da ya kwana a sanyaye ne ya fi nuna hayaƙi da ƙara da wahalar tashi.

Matakin da ya fi cinye mutane shi ne ruwan injin, don haka a nan za ka ɓata lokaci. Tun injin na sanyi, buɗe murfin lagireto ka leƙa. Ruwan da ya dace yana da launi mai tsabta, ja ko ruwan hoda a Toyota, shuɗi ko kore a wasu. In ka ga ruwan ƙasa mai tsatsa, an daɗe ana zuba mata ruwan leda ko na rijiya, kuma tsatsar nan tana cikin lagireto da famfon ruwa da hanyoyin da ke cikin injin. In ka ga maiƙo yana yawo a sama, mai ya haɗu da ruwa. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka juya shi. In akwai wani abu mai kauri kamar madarar da aka dama da shayi, gasket ɗin kan injin, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone ko yana hanya. Zaro sandar awon mai ma ka duba launinta.

Yanzu a tayar da injin, murfin lagireto a buɗe, kai kana tsaye kana kallon ruwan, makanike yana bayan motar yana kallon salansa. Ƙumfa ɗaya ko biyu a farko ba komai ba ne. Amma in ƙumfa ta ci gaba da tasowa ba yankewa, ko ruwan ya yi tsalle idan an taka totur, iskar cikin silinda ce take kutsawa ta gasket. Wannan motar ka bar ta, komai arharta. Gyaran ya haɗa da sauke kan injin, a kai shi a goge, a sa sabon gasket, kuma in kan ya riga ya tsage sai an nemo wani. Kada ka taɓa buɗe murfin nan idan injin ya yi zafi, ruwan yana fitowa da ƙarfin da zai saɓule fatar fuska.

Hayaƙin salansa kala uku ne. Mai shuɗi-shuɗi, injin yana shan baƙin mai. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 ta yi suna da wannan, sai ka ƙara lura idan ita kake dubawa. Baƙi, fetur yana shiga fiye da kima. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya ɗumama, ruwa ne yake ƙonewa. Ɗan farin tururi da safiyar hunturu wanda ya ɓace cikin minti biyu ko uku ba laifi ba ne.

Mayar da murfin, kunna AC, ka bar motar a tsaye tana aiki minti ashirin. Mutane suna jin kunyar wannan jira, dillali kuma zai yi ta maganar tsadar fetur. Ka saya masa lita biyu. Allurar zafi ta hau zuwa kusa da tsakiya ta tsaya cak. Sai ka kashe AC ka saurari fanka: ya kamata ta tashi da kanta, ta yi aiki, ta tsaya. In tun da aka murɗa makulli fanka take juyawa ba tsayawa, an haɗa ta kai tsaye, kuma galibi an cire tamostat, wato ɗan abin da ke tare ruwa har sai injin ya ɗumama. Makanikai da yawa suna cewa ƙasarmu da zafi, ba a bukatarsa. Wannan kuskure ne. Tamostat ɗin Toyota yana buɗewa ne a wajen digiri 82 domin injin ya yi aiki a zafin da aka ƙera shi a kai. Idan babu shi, injin yana daɗewa a sanyaye, ƙwaƙwalwar mota ta yi ta ƙara fetur, ka yi ta zuba mai kana mamaki. Abin da ya fi wannan muni, sau da yawa an cire shi ne domin a rufe wata matsalar zafi da ba a gyara ba. Motar da aka duba a Disamba tana iya wucewa lafiya, sai Afrilu ta zo, zafin Sakkwato ko Maiduguri ya haura digiri 40, asiri ya tonu.

Kafin a tayar da injin, da an murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, ka tabbata fitilar injin da ta jakar iska da ta birkin ABS duk sun kama, sannan sun mutu bayan tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. A sa na'urar duba ƙwaƙwalwa, kuɗinta kaɗan ne. In ta nuna babu matsala ko ɗaya amma gwaje-gwajen cikinta ba su kammala ba, an goge bayanan ne kwanan nan.

Daga nan sai giya. Taka birki, sa D, koma R. Ta shiga cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da duka ba. Man giya ya zama ja ko ja mai ɗan duhu. Baƙi mai warin ƙuna alama ce ta giyar da ta gaji. Ka fita da ita titi mai tsawo ka kai gudun kilomita 80 zuwa 100, rediyo a kashe, ka ji kowane canji. Injin ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, giya tana zamewa. Accord mai silinda shida ta 2003 da 2004 an san ta da ciwon giya. Ni a ganina mai sayen motar farko ya tsaya a silinda huɗu, ya huta da kuɗin mai da na gyara. Ka bi ta kan hanya mai gargada don jin shokozoba da ƙafafu, ka karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama ka saurari ƙas-ƙas ɗin shaf.

A hau da ita rami. Makanike ya duba yoyon mai, ya duba ko an yi walda a shasi, ya kuma duba tukunyar tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi, domin ana yawan farke ta a kwashe abin ciki a sayar. Jikin mota kuwa, ƙaramin maganaɗisu ya isa: inda ya ƙi kamawa an cike lotsawa ne da fila. Fenti ba ya tayar mini da hankali, shasin da ya lanƙwashe ne abin gudu. Motocin Amurka da yawa daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta ci ake sayo su, don haka ɗaga kafet, leƙa ramin safaya, ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi tabon laka da tsatsa. Kada ka dogara da abin da mitar kilomita ta nuna, ana mayar da ita baya. Lalacewar sitiyari da fedar birki sun fi ta gaskiya. A gefen taya akwai lamba huɗu, mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara huɗu, ka sa kuɗin sabuwa a lissafin ciniki.

Takardu: lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofa. Ta yi daidai da ta kowace takarda harafi da harafi. A motocin Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekara, 5 na nufin 2005, A na nufin 2010, da haka za ka gane wadda aka sauya wa fitilu aka ƙara mata shekaru. A Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka takardar kwastan ta bogi ta yi yawa. Ka kai lambar shasin zuwa ofishin kwastan a tantance kafin ka biya. In an taɓa yi mata rajista, karɓi takardun asali, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu biyu da hoton katin shaidar mai sayarwa, ka biya ta banki, ka sauya sunan mallaka a makon. Inshora mafi ƙanƙanta ta koma naira 15,000 a Janairun 2023, wanda ya ce zai yi maka a ƙasa da haka takarda kawai zai buga.

Ranar da ta shigo gida a juye baƙin mai da matacinsa, Corolla mai injin 1.8 tana cin wajen lita huɗu na 5W-30. A wanke lagireto a zuba ruwansa na asali, a mayar da tamostat in babu, a sauya matacin iska saboda ƙurarmu. Man giya kuwa sai wanda aka rubuta a jikin sandar awonsa ko a littafin motar, na Honda daban, na Toyota daban.