Yadda Ake Haɗa Kuɗin Na'urar Ji Ga Yaro

1. A fara da gwajin ji kafin a nemi ko sisi a wurin kowa. Ana yinsa a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A karɓo takardar sakamako da rubutaccen farashi.

2. A yi lissafin shekara guda cur. Nan wasu iyaye ke tuntuɓe: a sayi na'ura, batir ya ƙare, ta koma akwati. A lissafa na'ura biyu idan kunnuwan duka sun taɓu, irin ta bayan kunne. A sa kuɗin robar da ake aunawa daidai kunnen yaro, domin kunne na girma, kuma da ta yi sako-sako sai na'urar ta dinga fito. Batir mai lamba 13 kuwa da wuya ya wuce mako biyu. Kada a manta kuɗin motar komawa asibiti don a yi wa na'urar saiti.

3. A buɗe asusu daban, mutum biyu su riƙa sa hannu.

4. A fara da dangi, sannan limamin unguwa da masu fitar da zakka. Wanda aka ce wa "saura kaza" ya fi saurin bayarwa.

5. A WhatsApp, hoton takardar asibiti ya isa. Ba sai an yaɗa fuskar yaro ba. Duk Juma'a a sanar da abin da ya shigo.

6. In kuɗi ya gaza, a jira ya cika. Mai arha ta kasuwa ƙara sauti kawai take yi ba saiti, tana iya lalata ɗan jin da ya rage.