Idan takardar DNA ta ce kana da hatsarin ciwon suga: yadda nake karanta ta da mutanen Meziko

Wata ranar Litinin muna hutun rana, abokiyar aikina ta turo min wayarta a kan tebur, ba ta ce uffan ba. Sakamakon gwajin DNA ne, irin wanda ake tofa yawu a 'yar kwalba a aika ta gidan waya. Ɗan yayarta ne ya loda bayanan a wani shafi, shafin kuma ya jero mata sunaye da jan launi. Na farko a jerin shi ne SLC16A11, sunan wata ƙwayar gado, a gefensa an rubuta ciwon suga. Shekarunta 38, iyayenta mutanen kudancin Meziko ne, mahaifiyarta kuma ta daɗe tana allurar insulin. Ta ce min, "Shi ke nan, ni ma nawa ya zo." Abincin ma ture shi ta yi.

Ni nas ce, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a kudancin Teksas inda mafi yawan masu zuwa wurinmu 'yan asalin Meziko ne. Irin wannan takarda ta sha zuwa hannuna, kuma yadda na bi da ita ranar haka nake bi da kowa.

Abu na farko, ka cire sikila daga ranka. Mu Hausawa da ita muka san gwajin ƙwayoyin gado: AA, AS, SS, takardar da ake nema kafin ɗaurin aure. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma wanda ya zo da SS yana da cutar, ko me ya ci ko me ya sha. Wannan ƙwaya ɗaya ce take yanke hukunci ita kaɗai. Yawancin abin da ake jerowa a waɗannan takardu ba haka yake ba. Ɗan bambancin rubutu ne a cikin ƙwayar gado, wanda yake ɗan karkata ma'auni. Mutum zai iya ɗauke da shi har ya tsufa suga bai taɓa shi ba, wani kuma ba shi da shi amma ya kamu yana ɗan shekara 40.

Daga nan sai ka nemi lamba. "Hatsari ya ƙaru" ba magana ba ce sai an faɗi da nawa. Labarin SLC16A11 ya fito ne a ƙarshen 2013 a mujallar Nature, daga ayarin masu bincike na SIGMA, haɗin gwiwar masanan Meziko da na Amurka, da kuɗin gidauniyar lafiya ta attajirin nan Carlos Slim. Sun duba mutum sama da 8,000 'yan Meziko da sauran yankin Latin Amurka. Abin da suka gano shi ne kwafi ɗaya na wani nau'i na wannan ƙwayar yana ƙara hatsarin ciwon suga nau'i na biyu da kusan kashi 25 cikin 100, wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, nasa ya kai wajen kashi 50.

A nan ne mutane suke ruɗewa, ita ma a nan ta ruɗe. Ta ɗauka an ce mata saura ƙiris. Sai na jawo takardar goge hannu na yi mata lissafi. Na ce mu ƙaddara, don misali kawai, cikin mata 100 irinki 20 za su kamu. Ƙarin kashi 25 ba yana nufin 45 ba. Kashi 25 na ashirin ɗin nan ake nufi, wato biyar. Ashirin ta zama 25. Saba'in da biyar suna nan lafiyarsu ƙalau da ƙwayar a jikinsu. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta jawo abincinta.

Kada ka raina biyar ɗin, amma ka san inda nauyinta yake. Ga mutum ɗaya ba ta da yawa. Ga ƙasa kuwa babban abu ne, domin nau'in ya yaɗu ƙwarai: a samfuran 'yan asalin nahiyar Amurka yawansa ya kai kusan rabi, a gabashin Asiya kusan kashi 10, a Turai da Afirka kuwa da wuya a gan shi. Masu binciken sun ƙiyasta cewa zai iya bayyana kusan kashi 20 na ratar da ke tsakanin 'yan Meziko da Turawa wajen yawan ciwon suga. Aikinsa a hanta yake, yana taɓa yadda take sarrafa kitse. Wani abin mamaki, an bi sawunsa har zuwa mutanen Neanderthal, wani jinsin mutanen da can da suka daɗe da ƙarewa. Da na faɗa mata haka dariya ta yi, ta ce dama ta san dangin babanta ba ƙalau suke ba.

Tambaya ta gaba ita ce wadda na fi so mutane su koya: a jikin su wa aka yi binciken? Me ya sa sai 2013 aka gano ƙwayar da take jikin miliyoyin mutane? Saboda yawancin manyan binciken ƙwayoyin gado, kusan kashi 80 na mutanen da aka duba, jinin Turai ne. Abin da babu a jikin Bature ba za ka same shi a binciken Bature ba. Don haka idan takardarka ta ba ka maki guda da aka tara daga ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance, ka duba ƙasan shafin inda aka yi ƙananan rubutu, ka ga daga wace al'umma aka ɗauko ma'aunin. Makin da aka auna a kan Turawa ba ya faɗin gaskiya sosai a kan ɗan Meziko, a kanmu 'yan Afirka kuwa ya fi kuskure. Ni kaina shi ya sa har yau ban sayi irin wannan gwajin ba.

Ko kalmar "ɗan Meziko" ma a yi hattara da ita. Yawancin mutanen ƙasar gaurayen jini ne, na 'yan asalin ƙasa da na Sifaniyawa da ɗan kaso na Afirka, kuma gwargwadon gaurayen ya bambanta: arewa jinin Turai ya fi yawa, kudu na 'yan asali. Wani bincike da ya fito a mujallar Science a 2014 ya nuna cewa ƙabilar Seri ta arewa maso yamma da ƙabilar Lakandon ta dajin Chiapas sun bambanta da juna a ƙwayoyin gado kamar yadda Bature ya bambanta da mutumin gabashin Asiya. Ƙasa ɗaya, fasfo ɗaya. Shi ya sa idan mara lafiya ya zo nakan tambaye shi garin kakanninsa, ba ƙasarsu kawai ba. Meziko ta kafa cibiyarta ta binciken ƙwayoyin gado, INMEGEN, tun 2004, a 2023 kuma aka wallafa bayanan rumbun samfura na mutum kusan 6,000 daga duka jihohin ƙasar 32, duk don a daina auna su da mudun wasu.

Yanzu ga wurin da nake ɓata lokaci da kowa, domin shi ne ƙashin bayan maganar. Akwai ƙabilar Pima. Wani ɓangare nata yana Arizona a Amurka, wani yana kan duwatsun Sonora a Meziko, a wajen wani gari da ake kira Maycoba. Asalinsu ɗaya, jininsu kusa yake. Binciken da aka wallafa a 2006 ya sami ciwon suga a jikin kashi 38 na manyan Pima na Arizona, na Sonora kuwa bai kai kashi 7 ba. Na kan dutse noma suke yi da hannu, suna saran itace, suna cin masara da wake. Na Arizona kuwa rayuwa ta sauya musu, mota da kanti da zama. Ƙwayoyin gado ba sa canzawa cikin shekara 100, amma tukunya tana canzawa cikin shekara goma.

Meziko kanta shaida ce. SLC16A11 yana jikin kakanninsu dubban shekaru, amma ciwon suga bai zama annoba ba sai a 'yan shekarun nan, har gwamnati ta ayyana shi a matsayin lamarin gaggawa a 2016. Ƙasar tana cikin waɗanda suka fi shan lemun kwalba a duniya. A Janairun 2014 aka sa harajin peso ɗaya kan kowace lita ta abin sha mai sukari, a 2020 kuma aka fara manna baƙin tambari mai kusurwa takwas a jikin kayan kanti, yana gargaɗin cewa sukari ko gishiri ko mai ya yi yawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna kusan kashi 18 na manya suna da ciwon, kuma kusan ɗaya bisa uku cikinsu ba su ma sani ba. Su ma, kamar mu, cewa suke yi "yana da suga". Tsofaffinsu da yawa sun yarda cewa firgita ce take kawo shi, suna kiranta susto. Ba na musu da su. Nakan ce to, mun ji firgitar, yanzu lemu nawa ake sha a rana?

To me za ka yi da takardar? Ka ajiye ta gefe ka ɗauki biro, ka rubuta tarihin gidanku. Uwa, uba, 'yan'uwa ciki ɗaya, kakanni, gwaggo da kawu. Wa ya yi suga, yana da shekara nawa ya fara, wa aka yi wa wankin ƙoda, wa aka yanke wa ƙafa. Shekarun farawa su ne suka fi muhimmanci, kuma su aka fi mantawa. Uwa mai ciwon suga ta fi SLC16A11 faɗa maka gaskiya, domin ba jini kaɗai ka gada daga gare ta ba, har da girkinta. Abokiyar aikina ta san da ciwon mahaifiyarta shekara da shekaru ba ta taɓa firgita ba, sai da waya ta nuna mata jan launi.

Bayan haka ka yi gwajin da yake auna halin da kake ciki yau. HbA1c yana nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku: ƙasa da 5.7 lafiya, daga 5.7 zuwa 6.4 an tsaya a bakin ƙofa, 6.5 zuwa sama ciwo ne idan an maimaita ya tabbata. Idan gwajin sukari na safe ne kafin a karya, 126 mg/dL zuwa sama ita ce iyakar. A Amurka ana ba da shawarar fara dubawa daga shekara 35, ko kafin nan ga mai ƙiba da tarihin gida. Ka kuma sa tef ka auna cikinka daidai tsakanin haƙarƙari da ƙugu, kada ka tsuke. Ma'aunin da ake amfani da shi ga mutanen Meziko santimita 90 ne ga namiji, 80 ga mace.

Ka nemi a duba hanta ma. Akwai wani nau'i a ƙwayar PNPLA3 da yake tara kitse a hanta. Binciken zuciya na Dallas ya gano shi a 2008, yawansa a tsakanin masu asalin Latin Amurka ya kai kashi 49, Turawa 23, baƙaƙen Amurka 17. Wanda yake da shi, ƙiba da giya sun fi yi masa illa fiye da maƙwabcinsa. Wani kuma, R230C a ƙwayar ABCA1, kusan a jinin 'yan asalin nahiyar kaɗai ake samunsa, yana rage kolestarol mai amfani. Shi wannan gwajin kitsen jini na yau da kullum ya wadatar, ba sai ka san sunansa ba.

Akwai inda duk wannan kwantar da hankalin ba ya aiki, kuma ba na wasa da shi. Wasu bambance-bambancen ba su da yawa amma suna da ƙarfi. E508K a ƙwayar HNF1A, da aka bayyana a 2014, yana ninka hatsarin suga kusan sau biyar, sai dai kusan kashi 2 kawai na masu ciwon da aka duba ne suke da shi. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na ƙwayar BRCA1: akwai wani babban yanki na ƙwayar da ya ɓace, daga sashe na 9 zuwa na 12, wanda ake yawan samu a iyalan Meziko masu kansar mama da ta ƙwan mace. Gwajin yawu na kasuwa ba a yi shi don gano irin wannan ɓacewar ba. Na farkon da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2018 bambance-bambance uku kawai yake dubawa, waɗanda aka fi samu a Yahudawan Ashkenazi. Ke nan mace za ta iya ganin "ba a samu komai ba" ta saki jiki, alhali ba a ma duba nata ba. Idan a gidanku an yi kansar mama kafin shekara 50, ko kansar ƙwan mace a kowace shekara, ko namiji ya yi kansar mama, ka manta da takardar waya, ka nemi likita ya tura ka wurin mai ba da shawara kan cututtukan gado, a yi gwajin asibiti.

Ita abokiyar aikina an ɗebi jininta ranar Laraba. HbA1c ɗinta ya fito 5.9, bakin ƙofa. Na nuna mata sakamakon babban gwajin rigakafin suga na Amurka da aka wallafa a 2002, wanda akwai masu asalin Latin Amurka a cikinsa: waɗanda aka sa su rage kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58, masu shan maganin suga na metformin kuwa da kashi 31. Nauyinta kilo 80 ne, sai muka lissafa, wajen kilo biyar da rabi. Ta ce tortiya, gurasar mutanen Meziko, dai ba za ta bari ba ko za a yanka ta. Na ce ba wanda ya ce ki bari, ki koma ta masara, ki ƙirga, lemun nan na rana shi za mu fara da shi. Yanzu bayan an tashi aiki mukan zagaya filin ajiye motoci sau shida, ita da takalmin gudu, ni da silifas ɗina. Za a sake ɗibar jininta a watan Maris, ta kuma yi wa ƙannenta biyu waya su je a duba su.